American Psycho: zambo ne ga masu kuɗi, ko kisa ne kawai aka sa wa kwat?

Tun shekarar 2000 da fim ɗin American Psycho ya fito ake wannan musun, har yau kuma ba a rabu ba. Ɓangare ɗaya su ce ai zambo ne, tsiya aka shirya wa samarin Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta Niyok, masu bautar kuɗi da kwalliya, duk jinin da ka gani a ciki hanya ce kawai ta isar da saƙo. Ɗaya ɓangaren kuma su ce a daina raina wa mutane hankali, fim ne na wani kyakkyawan saurayi da yake yanka mata, aka ɗan yayyafa masa barkwanci don masu ilimi su kalla ba tare da sun ji kunya ba. Ni dai ina tare da na farko, amma fa ba ɗari bisa ɗari ba, don akwai inda na biyun suke da gaskiyar da ba ta kauduwa. Kuma tun yanzu in faɗa, fim ne mai tsiraici da zubar da jini, ba irin wanda za a kunna a falo yara na zaune ba ne, sannan zan ba da labarin har ƙarshensa.

Asalin rigimar ma ta girmi fim ɗin. Littafi ne na Bret Easton Ellis, kamfanin Simon & Schuster ya biya shi dala 300,000 na kafin alƙalami, sai a ƙarshen 1990 mujallu suka fitar da wasu shafuka daga ciki inda ake azabtar da mata dalla-dalla, gari ya ɗauka, kamfanin ya ce ya fasa bugawa, shi kuma ya riƙe kuɗinsa ya kai wa Vintage suka fitar a 1991. Reshen Los Angeles na ƙungiyar mata ta NOW ya yi kira a ƙaurace wa littafin, Jamus ta sa shi cikin jerin littattafan da ke da illa ga yara daga 1995 har 2000, a Ostareliya kuwa sai a naɗe cikin leda ake sayar da shi kuma ga wanda ya kai 18 kaɗai. To kaga duk wanda zai mayar da wannan abu fim ya san wuta ya ɗauko.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, mata biyu ne suka ɗauko wutar. Mary Harron ƴar Kanada ita ce darakta, ita da Guinevere Turner suka rubuta. Kuma saura kaɗan a ƙwace fim ɗin daga hannunta, don a 1998 kamfanin Lions Gate ya so ya ba Leonardo DiCaprio, lokacin yana kan ganiyar tashen Titanic, har aka fara maganar Oliver Stone ya zama darakta, ita kuma ta kafe a kan Christian Bale wanda a lokacin ba wani sananne ba ne can. Da DiCaprio ya janye aka dawo mata da kayanta da sharaɗin kada kuɗin aiki ya yi yawa, wajen dala miliyan 7 aka kashe, yawancin ɗaukar a Toronto aka yi. Wani abin dariya a gefe, Gloria Steinem, fitacciyar mai fafutukar mata da ta tsani littafin, a watan Satumban 2000 ta auri David Bale, wato ta zama matar uban jarumin da ya fito a fim ɗin. Duniya kenan.

Kafin mutum ya ce zambo ya kama ko bai kama ba sai ya san wa ake yi wa. Labarin a 1987 yake, a Niyok, ƙarshen mulkin shugaban Amurka Ronald Reagan. Zamani ne da aka zaftare harajin manyan masu kuɗi daga kashi 70 har ya sauko 28, aka saki kasuwar hannun jari ta yi ta gudu, yara ƴan shekara ashirin da wani abu daga fitowa jami'a suna ɗaukar albashin da iyayensu ba su taɓa mafarki ba, wani dillalin takardun bashi Michael Milken shi kaɗai ya samu dala miliyan 550 a shekarar nan, wani ɗan kasuwar hannun jari Ivan Boesky kuma a 1986 aka ci shi tarar dala miliyan 100 saboda cinikin hannun jari da bayanan sirri. A daidai wannan lokacin titunan birnin cike suke da marasa wurin kwana. Patrick Bateman, jarumin labarin wanda Bale ya fito a matsayinsa, ɗan wannan duniyar ne, shekararsa 27, ya yi Harvard, mataimakin shugaba ne a wani ƙagaggen kamfani mai suna Pierce & Pierce, kuma tun daga farkon fim har ƙarshe ba za ka taɓa ganin ya yi aikin sisi ba. Ya shiga ofis, ya sa waƙa a kunne, ya kunna talabijin, ya ce wa sakatariyarsa ta nema masa teburi a gidan abinci, shikenan an tashi. Budurwarsa ma ta tuna masa cewa kusan ubansa ne mai kamfanin, me zai hana ya bar aikin tunda ba so yake ba, ya ce shi so yake ya saje da mutane.

Ni ma'aunina a irin wannan fim ɗaya ne. In an nuna mugun abu, wa aka ƙasƙanta? In mai aikata abin ne ya fito ƙarami abin dariya, to zambo yana aiki. In kuwa wanda aka zalunta ne ya zama abin kallo, shi kuma azzalumin ya fito da kwarjini, to ko darakta ta rantse da abin da zai kashe ta cewa zambo take yi, ba shi ta yi ba. Da wannan nake bin fim ɗin fitowa bayan fitowa, kuma sakamakon ba iri ɗaya ba ne ko'ina.

Inda ya fi kamawa, babu ko ɗigon jini a wurin. Fitowar katin suna. Samari ne zaune a ɗakin taro, duk kwat iri ɗaya, aski iri ɗaya, wasu ma tabarau iri ɗaya, Bateman ya zaro sabon katinsa mai ɗauke da suna da lambar waya yana taƙama da launin farin da aka buga shi, wani ya zaro nasa, wani ma ya zaro, kai mai kallo wallahi ba za ka iya bambance su ba, duk farare ne, duk kamfani ɗaya, duk muƙami ɗaya aka rubuta, mataimakin shugaba. Amma kyamara ta matso kan katunan nan kamar ana nuna makamai, aka sa wani sauti mai ban tsoro a ƙasa, da aka fito da katin wani abokin aikinsu Paul Allen sai ga Bateman gumi ya keto masa, hannu na rawa har katin ya suɓuce. Wato duk kayan aikin fim ɗin tsoro, sautin da kusantowar kyamara da shirun, an ɗauke su an ɗora a kan ƴar takarda. Nan ne Harron ta nuna ta san abin da take yi, ta gaya maka cewa a wurin mutumin nan abin firgici a duniya shi ne wani ya fi shi kyan kati.

Daga nan kai tsaye sai fim ya kai ka lungu da dare, Bateman ya tarar da wani baƙar fata marar wurin kwana da karensa, ya fara masa kamar zai taimaka, sai ya koma faɗa, me ya sa ba za ka nemi aiki ba, ka san kana wari kuwa, sannan ya daɓa masa wuƙa ya tattake karen. Babu waƙa, babu barkwanci. Jerin ne yake magana a nan: an fi shi kati a ofis, ya zo ya huce a kan wanda ba shi da kowa. Kuma kafin wannan mun riga mun gan shi a teburin cin abinci yana zuba jawabi wai dole a kawo ƙarshen wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, a ciyar da marasa gida, a kare haƙƙin mata, a rage son abin duniya, yana jero su kamar mai karanta jarida. Maganganun da yake yi wa mutumin lungun nan kuwa ba na mahaukaci ba ne, su ne ainihin abin da ƴan siyasar lokacin suke faɗa a kan talakawa da rana tsaka, bambancin kawai shi ya ƙara da wuƙa.

Sai kisan Paul Allen, wanda shi ne kowa ya sani. Allen bai ma san da wa yake tare ba, ɗauka yake Bateman wani abokin aikinsu ne mai suna Marcus Halberstram, har yana zagin Bateman a gabansa. Ya bugu, aka kai shi gida, an shimfiɗa jaridu a ƙasa an lulluɓe kujeru, Bateman ya sa rigar ruwa a kan kwat don kada jini ya ɓata, ya kunna waƙar Huey Lewis yana ta sharhi a kanta irin na mujalla yana ɗan taka rawa da baya-baya, sannan ya ɗauko gatari mai ƙyalli. Ka lura, ba a nuna gatarin yana shiga jiki ba, fuskar Bateman ake nunawa jini na fallatsa mata, yana ihu a kan wani gidan abinci mai suna Dorsia da shi ya kasa samun teburi a ciki Allen kuwa yana samu. Dalilin kisan kenan fa. Teburi da kati. Ya ja gawar a cikin jaka jini na bin ƙasa, mai gadin gini bai ko kula ba, a waje ya ci karo da wani abokin aikinsa, gabanka ya faɗi ka ce an kama shi, ashe shi tambayarsa a ina ka sayi wannan jakar mai kyau. Da ya je gidan Allen don ya shirya ƙaryar cewa mutumin ya tafi Landan, abin da ya tayar masa da hankali shi ne gidan ya fi nasa tsada.

A nan nake ganin mutane suke kuskuren inda bakin zambon ya dosa. Ana ta kallon Bateman, alhali shi kusan fanko ne, da bakinsa ya faɗa tun a farko lokacin da yake ɓare man gyaran fuska a gaban madubi cewa babu kowa a ciki. Waɗanda ake yi wa tsiyar su ne na kewaye da shi. Mutumin nan ba ya ɓoye komai. Ya gaya wa mai sayar da giya a kulob zai kashe ta, ba ta ji ba. Ya gaya wa wata yarinya aikinsa kisa ne, ita ta ji kamar ya ce harkar haɗe kamfanoni. Ya kai zanin gado jina-jina wurin masu wanki yana musu masifa, wata da ta san shi ta shigo, ya ce lemo ne ya zube, ta yarda. Yana zana gawa a kan takardar teburi budurwarsa na zaune tana lissafin ƙawayensu. Duk fim ɗin mutum ne yake ta ihu ku gan ni, jama'ar da yake ciki kuma ba sa ganin mutum, kwat suke gani da agogo da sunan gidan abincin da ka ci jiya. Jinin yana da aiki a nan, don in da ƙaramin laifi yake yi, rashin lurarsu ba zai zama abin mamaki ba, sai da abin ya kai maƙura sannan makantar tasu ta fito fili.

Wannan dabarar tsohuwa ce a adabin Turawa. A 1729 Jonathan Swift ya rubuta wata ƴar maƙala yana ba da shawara cikin natsuwa da lissafi cewa talakawan Ailan su riƙa sayar da jariransu masu kuɗi su ci, don ya nuna wa masu mulkin Ingila cewa abin da suke yi wa mutanen bai da nisa da haka. Muryar natsuwa a kan mugun abu, ita ce dai Bateman yake amfani da ita in yana bayanin man wanke fuska da kisa da sauti ɗaya.

To amma sai mu zo kan mata, inda masu suka suke da ƙarfi. A littafin shafuka ne bayan shafuka na azaba, Harron da Turner suka zubar da kusan duka. Daren farko da ya ɗauko mata biyu masu zaman kansu, abin dariyar a kansa yake, yana ta lacca a kan mawaƙi Phil Collins su kuma sun ƙosa, yana kallon damtsensa a madubi ko kallonsu ba ya yi. Daga baya ya buɗe durowa cike da ƙarafa, sai aka yanke, abin da ka gani kawai su ne suna fita da sauri, ɗaya hanci na jini, sun karɓi kuɗi ko waiwaye babu. Ba a ba ka abin kallo ba, an bar ka da fuskokinsu.

Karo na biyu ya fi nauyi. Ya koma wurin ɗayar, wadda ko sunanta na gaskiya bai tambaya ba, shi ya laƙaba mata Christie. Ta ce ba za ta bi shi ba, wancan karon sai da ta je asibiti, ya fito da kuɗi yana kaɗa mata ta tagar mota, ta tsaya ta yi jim, ta shiga. Wannan ɗan tsayawar da Cara Seymour, wadda ta fito a Christie, ta yi, a wurina ya fi duk jawaban fim ɗin faɗin abin da kuɗi yake yi wa wanda ba shi da shi. Kuma da abin ya ɓaci, kyamara ta bar Bateman ta koma bayanta, ita muke bi tana gudu tana buɗe ƙofofi tana cin karo da gawarwaki, ta fita tana dukan ƙofofin maƙwabta tana kururuwa, gini guda na masu kuɗi babu wanda ya leƙo, shi kuma yana biye da ita da zarto mai inji. Wannan ne kaɗai wurin da fim ɗin ya zama na tsoro sosai, kuma an yi shi ta idon wadda ake bi. Mai sharhin finafinai Roger Ebert ya ce gara da mace ce ta ba da umarni, don ta mayar da littafin ƙishin jini ya zama fim a kan girman kan maza, kuma ina ganin ya faɗi daidai.

Duk da haka ba zan ce an wanke tas ba. Ƙarshen wannan gudun, ya saki zarton daga saman bene ya faɗo daidai kanta, an shirya shi ne yadda ɗakin kallo zai yi shewa, kuma yana yi. Minti ɗaya da ya wuce kana jin tsoronta, yanzu an mayar da mutuwarta wasan gwaninta. In ka ce ai da gangan ne, ana kwaikwayon finafinan yanka-yanka ne tunda an nuna shi yana motsa jiki irinsu na kunne a talabijin, zan ce na ji, amma matar dai ita ta biya kuɗin barkwancin. A ma'aunin da na kawo, wannan fitowar rabi ta ci rabi ta faɗi. Af, hukumar tace finafinan Amurka kuwa da ta tashi ba fim ɗin matsayi mafi tsauri, ba gatari ko zarto ne ya dame ta ba, fitowar kwanciya ce, aka yanke ƴan daƙiƙoƙi ta sassauta. Wannan ma kansa kamar wani ɓangare ne na zambon.

Sai ƙarshen fim, wanda ya raba kan jama'a. Na'urar ATM ta rubuto masa wai ya ciyar da ita mage, ya harbe wata tsohuwa, ya harbi motar ƴan sanda ta tashi da wuta har shi kansa ya tsaya yana kallon bindigar da mamaki, ya shiga wani gini da ya ɗauka nasu ne saboda duk kama ɗaya suke, ya kira lauyansa yana kuka ya bar masa saƙo cewa ya kashe mutum ashirin ko ma arba'in. Washegari ya je gidan Allen inda ya tara gawarwaki, ya tarar an yi fenti fari fat an sa shi a kasuwa, dillaliyar ta dube shi ta gane ba saye ya zo ba, ta ce ya tafi kada ya jawo matsala kuma kada ya dawo. Ya sami lauyan, lauyan ya kira shi da sunan wani, ya ce ai barkwancin ya yi daɗi sai dai Bateman matsoraci ne ba zai iya ba, kuma shi da kansa ya ci abinci da Paul Allen a Landan kwanan nan.

Da yawa suka tashi da cewa ashe duk a kansa ne abin ya faru. Harron ta faɗa a hira cewa ba haka ta nufa ba, kuma ta ɗauki wannan a matsayin gazawarta. Na yarda da ita cewa gazawa ce, kuma babba, don in duk mafarki ne to zambon ya mutu, ya zama labarin wani marar lafiya shi kaɗai, jama'ar da ke kewaye da shi ba su da laifi tunda babu abin da za su gani. In kuwa ya yi kisan, ko da wasu ne daga ciki, to dillaliyar nan ta share gawarwaki ne don kada farashin gida ya faɗi, lauyan kuma da bai gane wanda yake karewa ba ta yaya za a yarda ya gane wanda ya ci abinci da shi, a garin da kowa yake kiran kowa da sunan wani? Wannan karatun shi ya dace da duk abin da aka gina tun farko. Matsalar ita ce fitowar ATM da fashewar motoci sun yi yawa, sun ba mai kallo ƙofar gudu, kuma yawanci ta nan suke fita. Ko Willem Dafoe da ya fito a mai bincike, an ce sau uku aka riƙa ɗaukar fitowarsa, ɗaya ya san Bateman ne, ɗaya yana zargi, ɗaya bai san komai ba, aka gauraya wajen tacewa. Dabara ce mai kyau, amma ta ƙara hazo a inda ake buƙatar ɗan haske. Abin da ya ɗan ceto ƙarshen shi ne Reagan a talabijin yana bayani kan badaƙalar sayar wa Iran makamai a ɓoye da karkatar da kuɗin ga ƴan tawayen Nikaraguwa, abokan suna kallo, ɗaya ya yi mamakin yadda mutum zai yi ƙarya haka da fuskar dattijon kirki, sauran ko a jikinsu, hankalinsu na kan inda za a ci abincin dare.

Yanzu ga babbar hujjar masu cewa bai yi aiki ba, kuma ba a cikin fim ɗin take ba, a waya take. Shekaru ashirin da wani abu bayan fitowarsa Bateman ya zama gwarzo a TikTok da Instagram da YouTube, ana yanko inda yake tafiya a ofis da abin jin waƙa a kunne, ko inda yake motsa jiki, a ɗora kiɗa mai nauyi a rubuta wai sigma, namijin da ba ya buƙatar kowa. Samari suna kwaikwayon yadda yake wanke fuska da safe. Mutumin da aka gina shi a kan cewa ba zai iya numfashi ba sai an yaba masa kati, shi aka mayar alamar wanda bai damu da ra'ayin kowa ba. Harron da kanta ta ce abin yana ɗaure mata kai. Kamar maroƙi ne ya wuni yana zambo, wanda ake yi wa ya taso yana rawa yana masa liƙi, dole ka tsaya ka tambaya, waƙar ce ba ta da kaifi ko shi ne ba ya ji.

Amsata ita ce duka biyun, amma ba daidai wa daida ba. Kaso mafi yawa na yankan ne. Zambon fim ɗin nan a jeri yake zaune, kati sannan lungu, jawabi sannan wuƙa, in ka ciro daƙiƙa goma sha biyar ka jefar da abin da ya zo kafinta da bayanta to ka cire shi gaba ɗaya, saura kyakkyawan mutum cikin kwat mai tsada. Da yawan masu yaɗa guntayen nan ma da wuya in sun zauna sun kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, su ga inda yake rawar jiki a gaban mai bincike, ko inda yake ƙaryar ya samu teburi a Dorsia bayan an yi masa dariya a waya, ko inda ya je shaƙe wani a banɗaki abin ya juye masa ya fita a guje yana wanke safar hannu.

Sauran kason kuma na fim ɗin ne, ba yadda za a yi a kauce. Bale ya yi watanni yana gina jiki, ya gyara haƙora, aka haska shi kamar tallan turare, gidan fari tas, kwat ɗin sun zauna. Dole ne a yi hakan don labarin na mutumin da ya mayar da kansa kayan talla ne, amma kyamara ba ta iya nuna abu mai kyau ba tare da ta sa wani ya yi sha'awarsa ba, kuma littafi ba shi da wannan matsalar tunda a can ba ka ganin fuska, jerin sunayen kaya kawai kake karantawa har ka gaji, gajiyar ma tana cikin saƙon. Fim ya cire gajiyar ya bar ƙyallin. Sannan wanda aka yi wa zambon ma mai sauƙi ne, samarin 1987 da aka riga aka gama yi musu dariya tun faɗuwar kasuwa ta ranar 19 ga Oktoban shekarar, wadda ta zube da sama da kashi 22 a yini ɗaya. Mai kallo a 2000 zai iya cewa ai waɗancan ne, masu manyan wayoyi da tsofaffin waƙoƙi, ba mu ba, duk da cewa ranar da fim ɗin ya shiga sinima, 14 ga Afrilun 2000, kasuwar Nasdaq ta kamfanonin intanet ta faɗi da kusan kashi 10, wato sabbin samarin suna nan suna maimaita abin.

Akwai mutum ɗaya da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta in ana wannan musun, Jean sakatariya, wadda Chloë Sevigny ta fito. Ita kaɗai ce take masa magana kamar mutum, ita kaɗai ya ɗora wa makami a ƙeya ya fasa, kuma ita kaɗai ce a ƙarshe ta buɗe littafin ajiyar ranakunsa ta ga zane-zanen matan da aka daddatsa, fuskarta ta canza. Duk masu digirin Harvard da Yale ba su gani ba sai mai ɗaukar waya. Wannan ya nuna fim ɗin yana da inda ya tsaya, bai ce kowa ɗaya ba ne, ya ce akwai matsayin da in ka kai ka daina gani, kuma da wannan nake kare shi daga masu cewa babu komai a cikinsa sai iskanci.

Don haka in aka tambaye ni, a matsayin fim na awa ɗaya da minti arba'in da aka kalla a jere, zambon ya kama, ya fi kamawa a ofis da gidan abinci, ya yi rauni a kan matakalar bene, ya kusa zubewa a wurin ATM. A 2024 Lionsgate ta sanar cewa darakta Luca Guadagnino zai sake ɗauko littafin ya yi sabon fim, kuma aikinsa zai fi na Harron wuya, don ita da masu cewa a hana fim ɗin ta yi fama, shi kuwa zai tarar da ɗakin kallo cike da samarin da suka zo ganin gwaninsu, wasu ma da wayoyi a hannu suna jiran inda za su yanka.